Ranar Da Aka Zo Neman Ɗiyar Gambi

Masu karatuna, na ga saƙonninku, har da na waɗanda suka yi fushi suka ce na ja musu rai a tsakiyar littafi na ɓace. Ban ji haushi ba, da ni ce ku da na faɗi abin da ya fi haka. Yau ba babi na kawo muku ba. Abin da ya same ni a shirun nan na kawo, kuma sai kun gyara zama, don ni kaina har yanzu in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Ga sababbin shigowa guruf, sunana Riskuwa, 'yar Bagudo ce ni, gidanmu na bayan kasuwa. Da babban yatsa nake rubutu a waya, ina kwance a ɗakin Kaka. Tsofaffin masu bina sun san da me na fara: matar nan da ke fitowa daga rijiya da jiƙaƙƙen zane, sai kuma almarar masarautar da ke ƙarƙashin gulbi. Anti Rahma ta Kamba, wadda kuka sani da littattafan bincike, ita ke karanta min babi-babi da muryarta a zuba a memori, don waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji. Ita ta koya min kada in nuna wa mai karatu mai laifi tun bai ƙosa ba.

Sai Bunyaminu. Malamin tarihi ne a wata sakandare a nan garin, dogo, mai yawan shiru, kullum da biro a aljihun gaba. Da faɗa muka fara. Wata ƙanwarsa ce ta tura masa labarin matar rijiya, shi kuma ya nemo lambata takanas ya rubuto min cewa na iya jan zare, amma abin takaici ne a ce mai irin wannan hannun ta ƙare a tsorata 'yan mata da aljanun ƙarya. Na mayar masa da cewa littattafansa na tarihi maganin rashin barci ne, shafi biyu sun isa. Daga nan ya fara aiko min da su, tsofaffi masu jan takarda, wasu bangonsu ya rabu an ɗinke da zare. Ni kuma in tura masa na ban tsoro, ya ce bai karanta ba, alhali washegari sai ya tambaye ni yadda aka yi mai gadin maƙabartar ya tsira.

In ya zo zance ƙofar gida bayan la'asar, rabin hirar ta marubuta ce. Yana ba ni labarin mutanen da suka yi ta yawo gari-gari a ƙafa suna tambayar dattawa kafin su rubuta layi ɗaya. Abin da ke damunsa shi ne kusan dukkansu fada suka je, sarakuna da yaƙe-yaƙe suka rubuta, babu wanda ya shiga cikin gida ya tambayi tsohuwa abin da ta gani. Ran nan ya dube ni ya ce, “Ke kina da tsohuwa a ɗaki. Ki tambaye ta, ki rubuta gaskiya ko sau ɗaya.” Ku riƙe wannan, shi ya faɗa da bakinsa. A lokacin manyansa sun riga sun zo gaisuwa, ana cewa in an gama yankan shinkafa za a sa rana.

Kaka Batulu mahaifiyar Babanmu ce. 'Yar ƙaramar tsohuwa, baƙa, mai tsabtar tsiya, ba ta rabo da farin kallabi da carbi. Abin da muka taso muka sani shi ne a Kende ta girma, gidan wani babban malami, kuma 'yar uwarsa ce. Wata rana tana tsince shinkafa a faifai ina karanta mata wani babi na aljanu, sai ta yi dariya ta ce waɗannan ba su ba ta tsoro, ita ta ga abin da ya fi su, kuma da rana tsaka. Na ajiye waya na ce ta ba ni. Ta daɗe tana juya shinkafar da yatsa kafin ta fara.

Ashe ba 'yar Kende ba ce. A tsallake aka haife ta, ƙasar Benin, wata ƙaramar tungar masunta da ake kira Tungar Zibo. Sunanta na yanka Bibata, mahaifiyarta Gambi, kuma tana da wa, Hamani. Wata shekara jirgin ubansu ya kife bai fito ba. Ba a gama zaman makoki ba yara suka fara mutuwa a tungar, zazzaɓi da ƙuraje, yau wannan gida gobe wancan. Sai wata mata ta ce ɗanta ya kira sunan Gambi kafin ya cika. Shi ke nan. Aka taru aka ce mayya ce, aka fito da ita tsakar gari aka sa ta tsallake yaran da ke kwance, mutanen da ta yi daka da su jiya su ne ke jifanta. Dangin mijin suka riƙe Hamani suka ce namiji nasu ne. Aka ba ta wani tsohon kwalekwale mai yoyo, ta sa Bibata a gaba tana kwashe ruwa da ƙoƙo, ita tana tuƙi, yaron yana bin gaɓa da gudu yana kiransu har ciyawa ta rufe shi. Haka suka gangaro har Allah ya kai su hannun malamin Kende. Shi ya sauya wa yarinyar suna, ya ce wa jama'a danginsa ne, ya rufa musu asiri har Gambi ta rasu.

Ban iya cin tuwo ba ranar. Na ce Kaka, in rubuta? Ta ce in rubuta. Na ce zan sauya sunaye. Ta yarda in sauya nata, amma ban da na uwarta da na garin.

“Sun kore ta da sunanta,” ta ce. “Ki maida ta da sunanta.”

Sauran kun sani, ku kuka karanta. Ban taɓa rubuta abin da ya yi gudu irin Gambi ba. Masu son ban tsoro suka ce ya fi na rijiya tayar da hankali, masu son bincike suka kafa muhawara kan matar da ta fara ƙazafin, Bunyaminu kuwa ya turo min kalma uku: “Yanzu kika fara.” Na yi ta kallon saƙon ina murmushi kamar wata sakarai. Daɗin nan ne ya kwashe ni, a ƙarshen babin kwalekwale na ƙara layi ɗaya, na ce wannan ba ƙirƙira ba ce, labarin kakata ne. Kaka ta sani, na karanta mata kafin in tura. Amma ni da ita ba mu yi tunanin kasuwar Bagudo ba.

Ran nan ina wanke-wanke a gindin rijiya sai ga Baffa Lauwali, wan Babanmu, ya shigo ko sallamar kirki babu, babbar rigarsa a saɓe a kafaɗa. Bai yi ihu ba, shi ba mai ihu ba ne. Ya ce a rumfar masu albasa aka kunna masa muryar wata mata tana ba da labarin uwarsa, mutane suna satar kallonsa. Ya ce shi da Baba sun san wani abu kaɗan tun suna samari, suka haɗiye, ni kuma na zo na zuba a sifika. 'Ya'yansa mata uku ne a gida ba su yi aure ba, wa zai zo neman jinin da aka taɓa kira da wannan sunan? Ban taɓa kawo 'ya'yan nasa, su Salamatu, a raina ba lokacin da nake rubutu.

Kafin ya miƙo hannu ya karɓi wayar, saƙo ya shigo. Bunyaminu ne, a kan maganar mahaifinsa.

“Alhaji ya ji labarin. Ya ce a dakata da maganar sa rana. Ki ba ni lokaci.”

Hannuna da kumfar sabulu na rubuta, “Kai ka ce in rubuta gaskiya.” Na ga alamar ya karanta. Baffa ya karɓi wayar ya kashe ya jefa a aljihu.

Kwanakin da suka biyo baya, ku dai bari. Mama ba ta yi min faɗa ba, sai dai in ta zuba min abinci ta tsaya tana kallona kamar marar lafiya. Maƙwabciyarmu da ke aiko yara sayen ƙuli ta daina. Wata da muka yi makaranta tare ta hango ni a hanyar islamiyya ta ja ɗanta ta sauya gefe. Abin da na rubuta a littafi shi na fara gani da idona, a unguwar da aka haife ni. Kaka kuwa ko a jikinta. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, in na yi kuka ta ce in matsa kada in jiƙa mata tabarma.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa ya tara mu a zauren Baba. Na saka doguwar rigar atamfa ruwan ƙasa da babban hijabi, na zauna a bakin ƙofa. Ya fito da wayar ya ajiye a kan buzu, ya ce gyaran mai sauƙi ne. Zan yi magana da muryata in ce labarin Gambi ƙirƙira ce irin ta matar rijiya, na jingina shi da kakata ne don ya samu karɓuwa. A tura ko'ina. Ya ce ya yi magana da Alhaji Yero, mahaifin Bunyaminu, kuma in aka yi haka za a ci gaba da maganar aure kamar ba a yi komai ba.

Kada ku ɗauka ban so ba. Na so. Na hango kaina da lalle har gwiwar hannu, na hango ɗakin da Bunyaminu ya ce zai kafa mana kanta biyu, ɗaya ta littattafansa ɗaya ta nawa. Magana ce da ba ta fi numfashi uku ba. Na ɗago na dubi Kaka, tana zaune a kusurwa tana jan carbi, ba ta ko kalle ni ba. Ta bar min zaɓin. Sai na tuna wannan matar tun tana 'yar ƙarama aka ce ta yi shiru, ta yi, har gashinta ya yi fari, sau ɗaya tak ta buɗe baki, kuma ni ta buɗe wa.

Na ce, “Baffa, ka yi haƙuri. In ka ce in daina rubutu zan daina. In ka ce in goge littafin zan goge. Amma ba zan ce Kaka ta yi ƙarya ba.”

Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Baffa ya ce na san abin da na zaɓa ke nan? Na ce na sani. Ya ɗauki wayar ya mayar aljihu ya tashi. Da muka koma ɗaki Kaka ba ta ce min sannu ba, ta dai ɓare goro ta miƙo min rabi, ita da ba ta taɓa ba wa jika goronta ba.

Na riga na sallama. Na fara koya wa zuciyata zama babu Bunyaminu babu rubutu, har na ce wa Mama ta nema min wurin koyon ɗinki.

Ranar kasuwa da hantsi ina shara sai na ji sallamar mace a ƙofa, da wata irin Hausa mai lanƙwasa. Na leƙa. Mata biyu da maza uku, sun sha tafiya, ƙafafunsu fari fat. Matar da ke gaba za ta yi shekara hamsin, kakkaura, ta yi ɗaurin ture da atamfa mai ruwan ganye irin ta 'yan Kwatano, ƙanshin bandar kifi na tashi daga buhun da ke kanta. A bayanta wani tsoho ne siriri, dogo, ya dogara sanda, idonsa ɗaya ya yi fari. Ta tambaya ko nan ne gidan su Riskuwa mai littafi. A raina na ce wata sabuwar fitinar ce. Na ce ni ce.

Ta sauke buhun ta kama hannuna biyu. Ta ce sunanta Gambi.

Ta ce kifi take kaiwa kasuwar Malanbil, can ƙasarsu Benin. A cikin jirgin ruwa direba ya kunna labari a sifika, tana gyangyaɗi ta ji an ambaci sunanta, sai kuma ta ji Tungar Zibo. Ta hana kowa magana har aka kai. Ta sayi memorin a hannun direban ta kai wa babanta, ta fassara masa inda Hausar ta yi masa nauyi. Da aka zo wurin yaron da ke bin gaɓa, tsohon ya ce a tsaya, ya fita bayan ɗaki, ya daɗe bai dawo ba. Sun yi ta kiran lambata da Anti Rahma ke faɗa a ƙarshen kowane babi, a kashe. Shi ne ya ce ko a kafaɗa sai an kawo shi Bagudo.

Ban san lokacin da na yar da tsintsiyar ba. Na shiga da su tsakar gida. Kaka tana bakin ɗakinta a kan 'yar kujera, faifai a cinya. Ta ɗago ta kare ido da hannu tana duban baƙin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya saki sandarsa ta faɗi.

“Bibata,” ya ce.

Shinkafar ta zube a ƙasa, kaji suka yo kanta, babu wanda ya kore su. Kaka ta buɗe baki sai ga wani harshe da ban taɓa ji a bakinta ba, Dandanci, yana fitowa guntu-guntu kamar na yaro mai koyon magana. Ya durƙusa a gabanta, ta kama kansa tana shafa furfurar, tana leƙa bayan kunnensa, daga baya ta ce min tabon ƙugiya take nema. Yana nan. Ni dai na jingina da bangon kicin ina kuka, Mama tana yi, har maƙwabciyar nan da ta daina sayen ƙuli na hango ta ta katanga tana share ido da bakin zane.

Aka aika aka kira Baba da Baffa daga kasuwa. Kafin su iso gida ya fara cika, don labari ya riga ya zaga unguwa. A tsakar gida aka baza tabarmi, tsoho Hamani ya yi magana, 'yarsa tana mayarwa da Hausa. Ya ce bayan an kori uwarsu mutuwar ba ta tsaya ba. Ta ci gaba har ta ɗauki ɗa na biyu na matar da ta yi ƙazafin. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka ce ƙyanda ce, suka yi wa yara lambar rigakafi, abin ya lafa. Kowa a tungar ya san an zalunci Gambi. Dattawa suka tura mutane Gaya da Kamba da Illo, ba a dace ba, don Bibata ake tambaya, ita kuwa ta zama Batulu. Shi da kansa duk kasuwar da ya kai kifi tun yana saurayi sai ya tambaya. Da ya haifi 'yar fari ya sa mata sunan uwarsa, don a riƙa kiransa da ƙarfi a garin da aka kore ta. Ɗaya daga cikin mazan da suka rako shi kuwa ɗan mai garin tungar ne, an aiko shi musamman ya nemi gafara a madadin kakanninsu, ya kuma roƙi Kaka ta zo a faɗi haka a gaban jama'a, a filin da aka yi abin.

Ina kallon Baffa duk tsawon maganar. Da farko a tsaye yake, hannu a baya. Can ya zauna. Da aka gama ya matsa a kan gwiwoyinsa har gaban tsohon, mutumin da ya kusa sittin, mai jikoki, ya cire hula.

“Kawu,” ya ce. Ya sake cewa, “Kawu.” Kalmar da bai taɓa kiran kowa da ita ba tun da aka haife shi.

Da yamma ya same ni a kicin ina tuƙa tuwon baƙi, miyar sure da kifin da suka kawo tana tafasa. Ya tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya, ya ajiye wayar a kan turmi. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban jira ba. Cewa ya yi, “Ki ƙarasa littahin. Ki sa abin da Kawu yac ce, kada ki rage komi.” Har ya juya ya dawo ya ce in an yi na murya a fara kai wa rumfar masu albasa.

Na sa caji na kunna. Wayar ta yi ta kaɗawa har ta yi zafi. Saƙonninku, na Anti Rahma da ta kusa hawa mota ta zo nemana, kiran wata lamba ta Benin da ba ya ƙirguwa. Na wuce su duka ina neman suna ɗaya. Saƙo ɗaya ne, na ranar, ko awa biyu bai yi ba.

“Na ji baƙi sun zo. Alhamdu lillahi.”

Shi ke nan fa. Na karanta ya fi sau goma ko wani abu zai ƙaru. Na rubuta masa doguwar magana mai zafi na goge. Na rubuta mai sanyi na goge. Washegari ƙanwarsa ta zo ta faɗa min a ɓoye cewa Baffa da kansa ya je wurin Alhaji Yero da ɗan mai garin, Alhaji ya saurare su ya ce ya yi murna, amma magana ta riga ta shiga kunnen mutane, shi ba zai haɗa zuri'a da abin da sai an yi ta bayani ba. Ta ce yayanta kuwa ya daina cin abincin gidan, kullum suna ɗaki da Alhaji ana jin muryoyi ƙasa-ƙasa. Na ce mata na gode. Abin mamaki, ban yi kuka ba. Na leƙa tsakar gida na ga Kaka da wanta a tabarma ɗaya suna gardama kan wanda ya fi tsoron dorina suna yara, na ji ko da auren nan ya tafi, ban yi asara ba.

Daren da za mu tafi, bayan isha'i, na tura masa layi ɗaya: “Gobe za mu raka Kaka garinsu, ta Lolo.” Ban jira amsa ba na kife wayar.

Kaka ta yi kwalliyar da ban taɓa gani ba. Ta fito da wani leshi fari daga ƙasan akwati, ta sa kwalli, ta ce in ɗaura mata kallabi irin na Gambi ƙarama. Ni na saka atamfa shuɗiya da mayafi ruwan toka. Baffa ya ɗauki shatar mota, shi a gaba, mu a baya da buhun shinkafa da na albasa na tsaraba. Muka haye gadar Tuga, gonakin shinkafa sun yi jajir hagu da dama, Kaka tana ta nuna wa wanta abubuwa ta taga kamar ita ta shuka su.

A bakin ruwan Lolo hayaniya ta cika, jarkoki, buhuna, masu talla, ana ta lodin jirage. Muka samu wani dogo mai rumfa. Aka ɗauki Kaka cak aka sa ta a tsakiya, ta tsoma hannu a ruwan ta shafa a fuska. Na zauna kusa da ita. Na hana kaina waiwaye, na waiwaya. Babu kowa sai masu dako. Direba ya ja igiyar inji, ya tashi, yaran jirgi suka fara tura mu da gora.

Gambi ƙarama ce ta taɓa ni ta ce wancan da ke ɗaga hannu namu ne? Wani ɗan acaba ya tsaya a kan gangare, mutum ya diro daga baya tun bai gama tsayawa ba. Farar shadda, jaka a kafaɗa. Ya cire takalma ya riƙe a hannu ya faɗo cikin ruwa har gwiwa, har cinya, malamin tarihi guda, biron yana nan a aljihun gaba. Direba ya rage wuta yana mita. Bunyaminu ya kama gefen jirgin yana haki, bai dube ni ba, Baffa ya duba. Ya gaishe shi, ya ce yana neman izini ya raka Kaka. Baffa ya ƙare masa kallo daga sama har inda ruwa ya rufe, sannan ya matsa gefe ya miƙa masa hannu.

Kaka ta ce, “Kai maigidana, ka iya ruwa?” Ya ce a'a. Ta ce to ya zauna tsakiya, ba ta shirya takaba ba. Jirgin ya kwashe da dariya, har tsoho Hamani da aka fassara masa.

Ya zauna a bencin da ke fuskantar nawa, wandonsa na ɗiga. Na ɗaure fuska iya ƙarfina, na ce a hankali, “Alhaji ya sani?”

“Ya sani. Ya ce in na hau jirgin nan kada in koma masa gida.”

“Kai me ka ce?”

“Na ce ni na sa ki rubuta. Ba zan bar ki ke kaɗai a ciki ba.”

Na juya ina kallon ruwa don kada ya ga bakina. Lolo ta fara ƙanƙancewa a bayanmu, Kaka ta kama wata waƙa da Dandanci ƙasa-ƙasa, wanta yana amsa mata. Sai wayar Bunyaminu ta ɗauki ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, ya juyo min da fuskarta. Alhaji. Sabis saura sanda ɗaya. Ya goge jiƙaƙƙen hannunsa a riga, ya kai ta kunne ya yi sallama. Ƙarar inji ba ta bar ni na ji ko kalma ɗaya ba, fuskarsa kawai nake kallo.